Agogon Kasuwa: Yadda Lokutan Buɗewa da Rufe Shaguna ke Juya Tsakiyar Gari, Daga Achika Zuwa Birnin Kano

Masu tsara birane sukan auna tsakiyar gari da ƙasa, wato su duba inda manyan hanyoyi suka haɗu, da inda kasuwa da masallacin Juma'a da ƙofar gidan mai gari suke, sannan su zana da'ira a kan taswira su ce nan ne cibiya. Wannan awo yana da amfaninsa, sai dai ya bar rabin magana a baya, domin wurin da ya cika maƙil da jama'a da hantsi yana iya komawa fayau bayan sallar isha'i, kuma mararrabar da babu mai waiwayarta da rana tana iya zama matattarar gari idan dare ya yi. Abin da ke kawo wannan sauyi shi ne lokacin da masu shaguna da rumfuna da tebura suke fitowa da lokacin da suke tashi, saboda ciniki ne ke jawo ƙafa, ƙafa kuma ita ce ke jawo mota da mai abinci da ɗan dako da jami'in tsaro. Saboda haka duk wanda ke da iko a kan sa'o'in ciniki, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne ke yanke hukuncin wanda zai ci moriyar tsakiyar gari da wanda za a bari a baya.

Garin Achika wuri ne da ya dace a tsaya a duba wannan al'amari daga gare shi. Achika ɗaya ce daga mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Wudil a Jihar Kano, tare da irin su Darki da Utai da Indabo da Lajawa da Kausani, kuma ƙidayar shekarar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar tana da mutum 185,189, mafi yawansu manoma da makiyaya da masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa. Mutumin Achika yana hulɗa da cibiyoyi uku a rayuwarsa ta yau da kullum: dandalin garinsu inda yake sayen abin masarufi, da garin Wudil inda kasuwar mako da asibiti da tasha da ofisoshin hukuma suke, da kuma birnin Kano mai nisan kimanin kilomita 40 daga Wudil, inda ake zuwa sari. Kowace ɗaya daga cikin cibiyoyin nan uku tana da nata agogon, kuma wahalar mutumin karkara takan taso ne a wurin da agogunan suka ƙi haɗuwa.

A wasu ƙasashe doka ce ke tsara lokacin ciniki dalla-dalla. Jamus ta kafa dokar rufe shaguna a shekarar 1956, kuma ko da yake an mayar da ikon ga jihohi a 2006 har aka sassauta ranakun aiki, har yau galibin kantuna a can ba sa buɗewa ranar Lahadi. A Ingila kuwa dokar 1994 ta bai wa manyan kantuna damar ciniki na sa'o'i shida kacal ranar Lahadi, ta ƙyale ƙanana su buɗe yadda suka ga dama. A ƙasar Hausa babu wata doka irin wannan da mai tireda, wato ƙaramin shagon kayan masarufi, yake dubawa kafin ya zare sakata. Abin da ya gada shi ne rabon yini da rana da salla suka yi: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru, lisha. Da waɗannan ake ɗaura alkawari, da su ake cewa a dawo a karɓi ɗinki ko a zo a biya bashi, kuma su ne ginshiƙin da duk wasu ƙa'idoji na zamani suka zo suka hau kai.

A garuruwan noma irin su Achika ciniki yana farawa tun kafin a buɗe shago ko ɗaya, domin da an fito daga sallar asuba masu koko da ƙosai da waina sun riga sun hura wuta, yara kuma sun fito da kwanoni. Shago mai ƙofar ƙarfe yana biyowa baya, kuma lokacin buɗe shi ya danganta da yanayin shekara, tun da mai shagon sau da yawa manomi ne. Da damina sai ya yi sammakon gona, ya bar shagon a kulle ko a hannun yaro, ba ya zama sosai sai bayan azahar, don haka tsakiyar gari takan yi tsit da hantsi, sai tsofaffi a gindin bishiya da awaki. Da kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo hannu, shago yakan wuni a buɗe saboda akwai kuɗi a gari. Da bazara kuma, a watannin Maris zuwa Mayu da zafi kan haura digiri 40, tsakar rana takan kori mai saye da mai sayarwa gaba ɗaya, ciniki ya koma sanyin safiya da sanyin la'asar.

Lokacin da dandali yake cika sosai shi ne tsakanin magariba da bayan isha'i. Mai shayi yana jera gwangwanayen madara da burodi da ƙwai a kan teburinsa, ya kewaye shi da benci uku, tukunyar ruwa tana tafasa a gefe. Mai tsire yana kafa tsinkensa kewaye da wuta. Mai cajin waya yana tayar da ƙaramin inji ko ya kunna batirin sola, sai matasa su taru a inda hasken ya faɗa. 'Yan mata masu talla su ajiye farantan gyaɗa da awara da dafaffen rogo. A waɗannan sa'o'i biyu ko uku ne ake jin farashin da aka sayar da buhun gero a kasuwar da ta ci a ranar, a nan ake neman 'yan ƙwadago na gobe, a nan ake sauraron rediyo a yi muhawarar siyasa, a nan kuma baƙon da dare ya riska yake samun wanda zai nuna masa masauki. Idan mai shayi ya kife tukunyarsa, mai caji ya kashe inji, to gari ya kwanta, kuma babu wanda ya buga ƙararrawa.

Akwai kuma wani ciniki da ba shi da ƙofar da ake kullewa, shi ne na matan aure a cikin gidaje. Masaniyar tattalin arzikin karkara Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina a ƙarshen shekarun 1960, daga baya kuma a Dorayi kusa da Kano, ta nuna cewa wani babban kaso na cinikin hatsi da mai da dafaffen abinci a ƙauyukan Hausa yana gudana ne a bayan katanga, inda mace ke auna kaya, yara kuma su zama ƙafarta. Muhimmancin wannan ga batun lokaci shi ne cewa gidan mai ƙuli-ƙuli ko mai daddawa shi ne ke toshe giɓin da shago ya bari: da sassafe kafin a buɗe, da tsakar rana lokacin da mai shago yake gona, da kuma ranar da ya tafi cin kasuwa. Duk lissafin sa'o'in ciniki da ya manta da waɗannan mata ya manta da rabin garin, kuma abin takaici shi ne yawancin tsare-tsaren hukuma haka suke yi.

Sama da agogon yini akwai agogon mako, wanda ya fi shi ƙarfi a karkara. Kasuwar mako ita ce wadda take ci rana ɗaya ko biyu a cikin kwana bakwai, sauran ranakun kuma rumfunanta su zauna wayam, kuma an tsara ranakun ta yadda ɗan kasuwa ɗaya zai iya zagaya kasuwanni da dama ba tare da sun yi karo ba. Dambatta tana ci ranar Lahadi, Maigatari da ke bakin iyakar Nijar ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, har ma akwai garuruwan da ranar kasuwarsu ta shiga sunansu, kamar Lahadin Makole da Larabar Abasawa. Hikimar tsarin a fili take: ƙauye ɗaya ba shi da masu sayen da za su riƙe mai atamfa ko mai tukwane ko mai takalma kullum, amma idan aka tara buƙatar ƙauyuka ashirin a rana ɗaya, sai ta isa ta jawo shi daga nesa. Ta haka ne mutumin Achika yake samun abin da birni ke da shi ba tare da ya je birni ba, da sharaɗin ya jira ranar.

Kasuwar Wudil tana cikin manyan kasuwannin shanu na Arewacin Najeriya, kuma Juma'arta tana farawa ne tun ranar Alhamis. Da la'asar ɗin Alhamis manyan motoci suke fara sauke shanu a kara, wato ɓangaren kasuwa da aka keɓe wa dabbobi, fatake suna neman masaukinsu, dillalai suna zagayawa suna duba kaya, masu ciyawa da dusa da igiya suna kama wuri, masu abinci kuma suna kwana a bakin murhu. Da gari ya waye sai hanyoyin ƙauyuka su cika da babura da kurkura, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da motocin da aka ɗaure wa awaki da kaji da buhuna a sama. Matan Fulani suna isowa da ƙoren nono da man shanu, masunta suna kawo kifin kogi, maginan tukwane suna jera kayansu. A cikin kara dillali yana tsayawa tsakanin mai saniya da mai saye, ana tayi ana albarka har a kai ga sallamawa, a biya la'ada, a shafa wa dabbar alama, sannan 'yan lodi su kora ta zuwa motar da za ta kwana a hanya zuwa Legas ko wani birnin Kudu.

Da rana ta take, sai wannan hayaniya ta yanke. Alkur'ani ya yi umarni a cikin Suratul Jumu'a da a bar ciniki idan an yi kiran salla, kuma malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mafi rinjaye a ƙasar Hausa, sun tafi a kan cewa cinikin da wanda Juma'a ta wajaba a kansa ya ƙulla bayan kiran da ake yi idan liman ya hau mumbari ɓatacce ne, ana warware shi. Wannan ita ce ƙa'idar rufe shago mafi tsufa kuma mafi karɓuwa a wannan ƙasa, kuma ba ta buƙatar ɗan sanda. Mai rumfa yakan yafa buhu ko tabarma a kan kayansa, ya bar wa maƙwabciya mai fura ko wani yaro ido, ya tafi sahu. Bayan an sallame ciniki yana dawowa da zafinsa, amma da wani sabon lissafi, domin wanda ya zo da kaya daga ƙauye ya fara duban rana: idan bai sayar ba kafin la'asar sakaliya, ko dai ya karya farashi ko ya biya kuɗin motar mayar da kayan gida. Masu saye sun san da haka, shi ya sa wasu ba sa taya kaya sai kasuwa ta kusa watsewa. A nan ne lokaci yake komawa kuɗi a zahiri, kuma wanda gidansa ya fi nisa shi ne ya fi asara.

Tasirin wannan rana guda a kan garin Wudil ya wuce kasuwar kanta. Babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa garin ta haye gadar kogin da ke wurin, don haka cunkoson Juma'a yana tare matafiyan da ba su da alaƙa da kasuwar, masu nufin Dutse ko Azare ko Potiskum. Masu kemis da masu gyaran babur da masu POS, wato masu na'urar cire kuɗi da turawa, suna yin cinikin da ya fi na sauran ranakun mako, kuma mutanen ƙauye sukan tara buƙatunsu, ganin likita da sayen taki da gyaran waya da gaishe da dangi, su sauke su duka a tafiya ɗaya. Amma ranar da jama'ar karkara suka fi yawa a garin ita ce kuma ranar da ofisoshin gwamnati suke tashi da wuri saboda salla, bankuna kuma su rufe da yamma ba za su sake buɗewa ba sai Litinin. Wahalar wannan saɓani ta fito fili a farkon shekarar 2023, lokacin da canjin takardun naira ya janyo ƙarancin tsabar kuɗi, kasuwannin dabbobi da hatsi waɗanda suka dogara da kuɗi hannu suka shiga mawuyacin hali. Ranar Asabar kuwa, filin da jiya ba a samun wurin sa ƙafa sai ya koma rumfuna wayam da tarin shara.

Wudil tana da wani agogo na biyu da makarantu suka kawo mata. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, wadda ta fara aiki a 2001 aka kuma sauya mata suna zuwa Jami'ar Aliko Dangote a 2022, tare da Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda, sun tara ɗalibai da ma'aikata waɗanda ba ruwansu da ranar kasuwa, suna sayen abinci da katin waya da buga takardu kowace rana har dare. Shagunan da ke kusa da su suna bin kalandar karatu, su cika idan ana zango, su yi sanyi idan an tafi hutu ko yajin aiki.

Birnin Kano, cibiya ta uku, ya daɗe da sanin rufe ƙofa. Kasuwar Kurmi, wadda tarihi ya danganta kafuwarta ga Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, tana cikin ganuwa ne, kuma Baturen nan Hugh Clapperton da ya iso Kano a 1824 ya ba da labarin cewa ana buɗe ƙofofin birni da fitowar rana a rufe su da faɗuwarta, kasuwar kuma tana cike tsakanin waɗannan lokuta biyu kowace rana. Ke nan sarkin ƙofa, ta hanyar riƙe mabuɗi, shi ne ke iyakance wa baƙauye tsawon zamansa a kasuwa. Ganuwar ta zube a wurare da yawa, amma tsarin bai mutu ba. Manyan kasuwannin sari na yau, Kantin Kwari ta yadi da atamfa, Singa ta kayan masarufi, Sabon Gari da aka sa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi, da Ƙofar Wambai, ba sa kankama sai hantsi ya ɗaga, kuma kafin magariba an fara jan ƙofofi, masu gadi su karɓi wuri. Mai tireda daga Achika da ya zo sari dole ne ya yi sammako, ya sauya mota a Wudil, ya kutsa cunkoson shiga birni, ya gama saye da ɗauri da neman ɗan dako a cikin 'yan sa'o'i, sannan ya kama hanyar gida da sauran haske, domin samun abin hawa daga bakin titi zuwa ƙauye bayan isha'i sai an yi sa'a, kuma kuɗinsa ba ɗaya ba ne da na rana.

Rufewar waɗannan kasuwanni a lokaci guda tana da sakamako biyu da kowane mazaunin Kano ya sani. Na farko shi ne dubban mutane suna fitowa titi a sa'a ɗaya, sai hanyoyin Ibrahim Taiwo da Murtala Muhammad da kewayen Bata su cushe. Na biyu kuma ya fi muni, wato unguwannin da suka fi ko'ina dukiya su ne suka fi ko'ina zama kango da dare. Gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 cikin dare ta tashi, lokacin da masu dukiyar suke gidajensu, kuma irin wannan ya sha faruwa a wasu kasuwannin birnin. Marubuciyar nan ta Amurka Jane Jacobs ta yi bayani tun a 1961 cewa abin da ya fi tsare titi shi ne idanun masu shaguna da masu wucewa a lokuta daban-daban na yini, kuma titin da amfaninsa iri ɗaya ne yakan mutu idan lokacin wannan amfanin ya wuce. Tsofaffin unguwannin cikin birni, inda gida da shago da masallaci da makarantar allo suke a lungu ɗaya, sun daɗe da aiki da wannan hikima ba tare da an rubuta musu ita ba.

Idan kasuwannin sari suka rufe, harkar yamma takan koma wasu wurare, kamar titin Gidan Zu, inda aka buɗe katafaren rukunin kantuna na Ado Bayero a 2014, da manyan kantunan unguwar Nasarawa, da gidajen abinci da wuraren masu gurasa da balangu. Waɗannan suna kaiwa dare saboda suna da injin wuta da masu gadi da wurin ajiye mota, kuma masu zuwa can galibi masu abin hawa ne na kansu. Ko su ma ba su tsira ba, domin kantin Shoprite da ke cikin rukunin ya rufe reshensa na Kano a watan Janairun 2024. A Sabon Gari kuma agogon mako ya sha bamban, tun da yawancin 'yan kasuwar da suka fito daga Kudu suna rufe shagunansu ranar Lahadi ne.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne yadda hukuma take tsara sa'o'in ciniki ba tare da ta ambaci shago ba. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana haya da babur a birnin da kewayensa. A watan Yulin 2022 kuma aka hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda dalilan tsaro. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ya umarci mai shago ya rufe, amma yaron shagon da ke kwana a wata unguwa mai nisa dole ya tashi kafin abin hawa ya ɗauke, mai sayen da ba shi da mota ya daina fita, mai ƙosai da mai kayan gwari da ke buƙatar isa kasuwar 'Yankaba da asuba su jira gari ya waye. Tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda ke hana zirga-zirga da safe har ƙarfe 10, ita ma tana yanke wa mai kayan da ke lalacewa mafi kyawun sa'o'insa. Dalilan waɗannan matakai suna iya zama na gaskiya, kuma matsalar ƙwacen waya da ta addabi Kano ba ƙirƙira ba ce, amma ba a cika jin an zauna an lissafa wanda zai biya kuɗin matakin ba.

Annobar korona ta 2020 ta gwada wannan a idon kowa. An rufe Kano a tsakiyar watan Afrilu, sannan a farkon Mayu aka sassauta a ranakun Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma domin jama'a su sayi abinci, a 'yan kasuwanni da kantunan da aka amince wa. Manufar ita ce rage cuɗanya, amma da aka matse buƙatar miliyoyin mutane cikin sa'o'i shida sau biyu a mako, sai aka samu turereniyar da ta fi ta ranakun da babu doka, farashi kuma ya tashi. Buƙatar abinci ba ta raguwa don an rage lokacin sayensa, taruwa take yi a ƙofar da aka bari a buɗe, kuma mai abin hannu da ke iya sayen na mako guda a tafiya ɗaya ya fi mai neman na yau da gobe samun sauƙi.

Wuta da mai su ne sauran masu riƙe da mabuɗin. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, mai shagon da a da yake tayar da inji daga magariba zuwa tsakar dare ya koma lissafin ko cinikin sa'a ɗaya zai biya kuɗin lita, da yawa kuma suka zaɓi rufewa da wuri. Katsewar lantarki da ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu na kwanaki a watan Oktoban 2024 ta nuna iyakar abin, inda teloli da masu walda da masu niƙa da masu sayar da ruwan sanyi suka zauna hannu rabbana. A ɗaya gefen kuma, aikin wutar sola da Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta jagoranta a kasuwar Sabon Gari daga 2018, da ƙananan fitilun sola da suka bazu har ƙauyuka, sun nuna cewa fitila ɗaya a kan teburin mai shayi tana iya ƙara wa dandali sa'a guda ta rayuwa.

Watan azumi hujja ce cewa waɗannan lokuta ba a kan dutse aka sassaƙa su ba. Da an ga wata sai safiya ta mutu, la'asar ta cika da masu sayen kayan buɗa-baki, bayan tarawihi kuma tituna su farfaɗo, har a goman ƙarshe teloli su kwana a kan keke, masu takalma da huluna da kayan yara su kai tsakar dare, mata da yara su fito sayayya a lokacin da a sauran watanni ba za su fito ba. Ana samun haka ne saboda kowa ya sauya tare, mai shago da mai mota da mai gadi da mai saye, kuma yawan jama'a da kansa yana zama tsaro.

Wannan ba ya nufin tsawaita ciniki alheri ne tsantsa. Yaran shago a kasuwannin Kano da Wudil ba su da ƙayyadadden lokacin aiki a rubuce, kuma duk sa'ar da aka ƙara daga barcinsu da karatunsu ake cire ta. Yarinyar da ke talla a tasha bayan isha'i tana cikin haɗarin da bai kamata a rufe ido a kansa ba saboda ribar farantin awara. Masar, wadda biranenta suka shahara da raya dare, ta ga dacewar kafa lokacin rufe shaguna a watan Disambar 2020, ƙarfe 10 na dare a lokacin sanyi da 11 a lokacin zafi, domin rage hayaniya da cin wuta. Ƙa'ida tana da wurinta, muddin an yi ta da sanin wanda za ta shafa, an kuma tambaye shi.

A Wudil gyaran da ake buƙata bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma da shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin direbobi ba, tun da kuɗin shiga da ake karɓa a kara da tasha kowace Juma'a daga aljihun waɗannan mutane yake fitowa. Fitilun sola a kara da tasha da bakin gada a daren Alhamis da yammacin Juma'a za su sa mai kaya ya daina karya farashi don tsoron duhu. Yarjejeniya da direbobi a kan motar ƙarshe da za ta tashi zuwa Achika da Darki da Utai da Lajawa a sanannen lokaci bayan magariba za ta ba mutumin ƙauye damar tsayawa ya sayar da daraja. Asibiti da ofisoshin da talakawa ke buƙata suna iya barin ma'aikatan da za su dawo aiki bayan sallar Juma'a, ranar da jama'ar karkara suke gari, a rama musu da hutu a wata ranar. Kuma kafin a sake sanya wata dokar hana zirga-zirga a Kano, ya kamata a kira wakilan masu shayi da masu kayan gwari da 'yan sarin karkara a ji ta bakinsu, kamar yadda ake kiran shugabannin Kwari da Singa.